Za a Kware Mana Rufi: Mu Zauna Ko Mu Tashi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Rufin gidanmu ya haura shekara 25, kuma duk lokacin da aka yi ruwa sai mun jera bokitai a falo da ɗakin yara. An yi faci har mun gaji. Yanzu mun yanke shawarar a kware shi gaba ɗaya a sa sabo. Mai aikin ya ce kwana huɗu zai gama, kuma wai ba sai mun tashi ba. A gidan akwai ni da maigidana da yara uku, ƙaramar tana da asma, sai kuma mahaifiyata da ta manyanta. Da gaske ana iya zama a gida ana irin wannan aiki? Me ya kamata mu shirya, kuma me zan sa wa ido don kada a yi mana aika-aika?"

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya ba wa yarinya sauƙi. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko gidan zai zaunu ana buga-buga a kanku, wane shiri za ku yi, da kuma yadda za ki gane aikin ƙwarai ke da ba sana'arki ba ce. A taƙaice, ke da maigida za ku iya zama, manyan yaran ma za su iya idan da rana suna makaranta. Amma mai asma da Mama, shawarata su bar gidan a ranakun da ake kwarewa. Zan kawo dalili. Sai dai kafin nan bari in ja hankalinki ga abin da ba ki tambaya ba, domin a shekarun da na yi ina duba aikin rufi, ƙara da ƙura ba su taɓa sa mai gida kuka ba. Abin da ke sa shi kuka shi ne 'yan awoyin da gidansa ya yi a buɗe, da kuma abin da aka tarar a ƙarƙashin tsohon kwano wanda ba a yi maganarsa ba tun farko.

Kwana huɗun nan

Mai aikinku bai yi ƙarya ba, amma lissafin abin da idonsa ya gani ya yi. Rufi hawa-hawa ne. A sama akwai kwano ko tayil, a ƙarƙashinsa akwai siraran katakai da aka gicciya waɗanda ake buga kwanon a kansu, su kuma suna kan manyan katakai ko ƙarafa masu ɗauke da nauyin rufin, sannan silin ya rufe duk wannan daga ciki. Mai tsayawa a tsakar gida hawa na farko kawai yake gani, mai zama a ɗaki kuma na ƙarshe. Na tsakiyar, wanda shi ne ƙashin bayan rufin, ba wanda ya gan shi tun ranar da aka rufe.

To rufin da ya shekara da shekaru yana yoyo, da wuya katakonsa ya tsira gaba ɗaya. Katako ba ya ruɓewa idan damshin da ke jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, amma da ya haura haka ya daɗe, sai ruɓa ta kama shi, gara da ƙwari kuma su samu wurin zama. Wuraren da kuke ajiye bokitai sun riga sun gaya mana inda za a fara nema, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ki sani ruwa yana tafiya. Yakan shiga ta wani wuri, ya bi jikin katako mita biyu ko uku, sannan ya ɗigo. Saboda haka ɓarnar takan fi faɗin tabon da ake gani a silin.

Don haka tun kafin a yi jinga, ki sa mai aikin ya shiga cikin silin da tocila da sukundireba, ya bi katakan yana tsokana. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙarfe, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya nutse kamar a soso. Ya duba musamman ƙarshen katakan inda suka hau bango, da ƙarƙashin kwarin rufi, wato inda ɓangarori biyu suka haɗu ruwa yake gangarowa ta tsakaninsu. Ya ɗauko miki hotuna. Ko da an yi haka ba za a ga kome ba sai an kware, shi ya sa nake sa a rubuta tun farko nawa za a biya a kan kowane katako ɗaya da aka sauya, kuma ba za a sauya ba sai an nuna wa mai gida. Idan babu wannan, ranar da gidanki yake a buɗe ake zuwa a ce miki katako ya mutu, a faɗi kuɗin da aka ga dama, ke kuma ba ki da bakin ciniki, tunda hadari ba ya jiran a daidaita. Ni nakan ce wa mutane su ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kan jimlar kuɗin aikin saboda irin wannan, su kuma ɗauka a ransu cewa kwana huɗu na iya zama bakwai.

Kada a buɗe abin da ba za a iya rufewa ba kafin dare

Nan ne zan fi daɗewa. Mutane ba sa ƙiyasta yawan ruwan da rufi ke tare musu. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce cif. Gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwa milimita 20, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne, lita 3,000 ce ta sauka a kansa. Tan uku ke nan na ruwa. Idan rufin na nan, duk ya gangare ta indararo ba ki ma sani ba. Idan ba ya nan, silin ne zai sha, sannan katifu da kujeru da wayoyin wuta.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a farkon fara aikina. Sama garau, ba alamar gajimare, ma'aikata suka ce a bar su su kware gidan duka rana ɗaya don washegari su wuni suna bugawa, aiki ya fi sauri. Na yarda. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso, ruwa ya biyo baya. Tamfol ɗin da muka shimfiɗa mun danne shi da bulo ne kawai, iska ta yaye shi kamar mayafi. Da gari ya waye silin ɗin ɗaki biyu yana ƙasa. Mai gidan bai yi mini faɗa ba, ya tsaya kawai yana ɗaga littattafansa ɗaya bayan ɗaya suna ɗigar ruwa. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ban ƙara yarda a buɗe abin da ba za a rufe ba kafin faɗuwar rana.

Saboda haka ki sa wannan a cikin yarjejeniya: ɓangare-ɓangare za a yi. A kware gefe ɗaya da safe, a gyara katakonsa, a rufe shi da sabon kwano kafin a tashi. Ma'aikata ba sa son haka, don yana rage musu sauri, kuma wasu rufunan masu kwana-kwana da yawa ba sa rabuwa cikin sauƙi. Idan dole sai wani wuri ya kwana a buɗe, to tamfol ya zama yana gidan tun ranar farko, ba sai hadari ya haɗu a tura yaro nema ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma akwai yadda ake sa shi. Ya haye doron rufin ya sauka ɗaya gefen, don kada ruwa ya shiga ta samansa. A naɗe bakinsa a jikin katako a buga, ba a danne da dutse ba. A ja shi ya miƙe, domin idan ya yi lanƙwasa ruwa zai taru a ciki ya yi tafki, nauyin ya yaga shi ya juye a wuri ɗaya, wanda ya fi yayyafin da ake gudu muni.

Abu na biyu da ke barin gida a buɗe shi ne yankewar kaya. An kware, an fara bugawa, sai a ce kwano bai isa ba, wanda aka samo kuma launinsa ya bambanta, ko sai an jira kwanaki kafin a yanko. Yawanci daga awo matsalar take. Faɗin rufi ya fi faɗin ginin da ke ƙarƙashinsa saboda gangara: rufin da ya tashi digiri 30 ya fi filin da ya rufe da kusan kashi 15 cikin 100, mai digiri 45 kuwa ya fi shi da kusan kashi 41, ban da abin da ke tafiya wajen ɗora kwano a kan ɗan'uwansa da abin da ake yankewa a kusurwa. Kada ki bari a cire ƙusa ko ɗaya sai kome ya iso gidan an ƙirga a gabanku: kwano, murfin doro, kwanon kwari, sukurori, katakon ko-ta-kwana. Sannan a zaɓi lokacin da ruwa ya ɗauke a yankinku, a kuma riƙa duba hasashen yanayi kowace safiya. Iska ma abin dubawa ce. Fallen kwano mai tsawon mita biyar ko shida a hannun mutum biyu, idan iska ta shige shi, yana iya jefo su ƙasa ko ya tashi ya sauka gidan maƙwabta kamar wuƙa.

Idan ƙaddara ta sa ruwa ya shiga duk da haka, kada a jira. A kashe wutar gidan daga babban makunni, a fito da abin da ya jiƙe, a buɗe tagogi. Kayan da suka wuce awa 24 zuwa 48 a jiƙe sukan fara funfuna, ita kuwa babbar abokiyar gabar mai asma ce. Silin da ya yi ciki saboda ruwa ya taru a kansa, a sa bokiti a huda shi da gangan ya tsiyaye, ya fi a bar shi ya faɗo da kansa.

Wa zai zauna, wa zai tashi

Ya danganta da abin da ke tsakaninku da ma'aikatan. Idan gidan yana da dakin, wato rufin kankare, kwanon yana samansa, zamanku lafiya lau, ƙara kawai za ku sha. Idan silin ne na allo ko na filasta, to abin da ya raba ku da su bai fi kaurin yatsa ba, kuma ba ya ɗaukar nauyin mutum. Na sha ganin ƙafar kafinta ta ɓullo cikin ɗaki saboda ya kuskure katako, guduma kuwa faɗowarta ba labari ba ne. Dokar ita ce ba mai zama a ɗakin da ake aiki a samansa, ko na minti biyar. Idan kuwa babu silin sam, maganar zama ba ta taso ba.

Ƙurar da ta kwanta a cikin silin shekara 25 ba irin ta tsakar gida ba ce. Akwai garin katako da ƙwari suka ci, da kashin ɓera, da na jemage ko tsuntsaye idan sun taɓa zama a ciki. Tsohon kashin jemage da na tsuntsaye yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama huhu wadda likitoci ke kira histoplasmosis, kuma shaƙar ƙurarsa ce hanyar kamuwa. Da an fara buga-buga, jijjiga za ta zubo da wannan ƙura ta kowace kafa: gefen fanka, ramin ƙwan lantarki, tsagar da ke tsakanin silin da bango. Lafiyayyen mutum zai yi atishawa ya wuce. Yarinya mai asma kuwa ba na son a gwada da ita. Ni ba likita ba ne, ki tuntuɓi mai duba ta, amma a ganina ta tafi kafin a fara, kada ta dawo sai an share gidan an goge.

Mama kuma ƙarar ce damuwata. Ma'aunin da ake amfani da shi a wuraren aiki shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da ji idan aka wuni awa takwas a cikinta, injin yankan ƙarfe kuwa ya wuce haka nesa. A cikin ɗaki ƙarar ba za ta kai ta kan rufi ba, amma ɗakin yakan zama kamar cikin ganga, kuma bugun ba ya da tsari. A yi shiru, sai kwatsam a jefo tsohon kwano ƙasa. Tsoho ba ya jure wannan firgita, ba barcin rana, ga tsakar gida cike da ƙusa da tsani a hanyar banɗaki. Na san iyayenmu ba sa son barin ɗakinsu. Idan ta ƙi kwana a wani wuri, a lallaɓa ta ta riƙa wuni a waje ta dawo da yamma, a kuma tsara aikin yadda ɗakinta zai zama na farko da za a gama ko na ƙarshe da za a taɓa.

Akwai yanayi guda da kowa zai tashi ba jayayya, wato idan tsohon rufin ko silin ɗin na asbestos ne. Shi ne falle mai launin toka, mai kauri, mai kama da siminti, wanda yake karyewa maimakon lanƙwasawa. Yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma da an fasa shi ko an yanka, sai ya saki zaruruwa da ido ba ya gani, su maƙale a huhu, bayan shekara 20 ko 30 ko fiye su zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana jawo sankara. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Ostareliya a 2003, Tarayyar Turai a 2005, amma har yanzu yana kan miliyoyin gidaje a duniya, kuma gidan da ya kai shekarun naku yana iya kasancewa cikinsu. Idan shi ne, ba aikin kowane kafinta ba ne. Ana jiƙa shi, a kwance ƙusoshinsa, a sauke shi ɗaya-ɗaya ba a fasa ba, a naɗe a leda mai kauri, ma'aikata da takunkumin da aka yi don haka. Ba a jefo shi, ba a share ƙurarsa da tsintsiya, ba a kuma ba wa wani ya je ya rufe kejin kaji. A ƙasashe da yawa doka ta tsara wanda zai cire shi da inda za a zubar, sai ku bincika ta wurinku.

Shirin gida

Wannan ba wuya. A sauke duk abin da ke rataye a bango ko a silin, madubi da agogo da hotuna da fitilu masu gilashi, don jijjiga tana bin bango. A tattara kayan ɗaki a tsakiya a lulluɓe da leda, tufafi a rufe a kabad, talabijin da kwamfuta a kai su ɗakin da za a taɓa a ƙarshe. Takardun gida da na makaranta da duk wani abu mai daraja su bar gidan ma gaba ɗaya. Ba zargin kowa nake ba, amma gidan da baƙi goma ke shiga da fita, idan abu ya ɓata zargi ba ya da wurin sauka, kuma ruwa ba ya tambayar wace takarda ce ta asali. Mota ta kwana a waje. A keɓe ƙofa ɗaya ta shigarku da fitarku, a gaya wa ma'aikata ba a jefo kome ta wannan gefe. Yara ba fita ba takalmi, wanda ƙusa ta soka kuma a kai shi asibiti saboda tetanus, kada a tsaya dubawa. A sanar da maƙwabta tun da wuri, tunda su ma za su sha ƙara da ƙura ba su ci ba ba su sha ba.

Wuta ce kawai nake so ki ɗauka da muhimmanci fiye da sauran. Wayoyin gida a cikin silin suke bi, wasu a kan katakan da za a cire. Mai gyaran wuta ya zo ya kashe layin ɓangaren da ake aiki, kuma tunda an buɗe, ya duba wayoyin da ɓera ya ci, dama ce da ba za ta dawo ba sai bayan shekaru. Idan kuna da farantan sola, wanda ya san su ne zai sauke, domin muddin rana na dukansu suna ba da wuta ko an kashe kome a cikin gida. Haka tankin ruwa da dish. Gidan da ke da bututun hayaƙi da ya ratsa rufi, na murhu ko na tukunyar dumama ruwa, kada a kunna abin sai an tabbatar an mayar da bututun daidai, saboda a cikin hayaƙin da ke dawowa ɗaki akwai iskar da ba ta wari kuma tana kisa.

Sannan ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da shugaban ma'aikata, ke ko maigida. Idan kowa na ba da umarni, ƙarshenta ba wanda za a kama da laifi.

Abin da za ki sa wa ido

Kada ki hau. Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini a ko'ina, su da suka saba ma ke nan. Ki ba shugabansu waya ya ɗauko miki hoton kowane mataki, musamman katako kafin a rufe shi, don abin da aka rufe ya rufu. Daga ƙasa ma za ki ga abubuwa da yawa.

Na farko kauri. Abin da aka rubuta a takarda da abin da aka sauke daga mota ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma ido ba ya bambance milimita 0.45 da 0.35. Akwai ɗan ma'aunin kauri, a gwada a gabanku ranar da kaya suka iso. Na biyu, idan za ku sauya nau'in rufi, ku tuna da nauyi. Kwanon ƙarfe bai wuce kilo 4 zuwa 6 a murabba'in mita ba, tayil na kankare ko na yumɓu kuwa yakan kai kilo 40 zuwa 50. Katakon da aka yi don kwano ba zai ɗauki ninki goma ba, sai injiniyan gini ya zo ya duba da idonsa. Idan kuma wani ya ce a ɗora sabo a kan tsoho don a rage kuɗi da wahala, akwai inda ake yin haka, amma ba a rufin da ya daɗe yana yoyo ba. Rufe ruɓa ke nan.

Ki saurari yadda ake yanka. Kwanon ƙarfe mai fenti da almakashinsa ake yanka shi. Injin yanka mai tartsatsi yana ƙona abin da aka shafa wa kwanon da ke kare bakinsa daga tsatsa, tartsatsin kuma garin ƙarfe ne mai zafi da ke manne wa fenti. Bayan ruwa biyu sai ki ga sabon rufi ya yi ɗigo-ɗigon ja kamar mai ƙyanda. Ko garin da ke fita wajen huda sukuru ma a share shi kullum kafin a tashi. Su kansu sukurorin akwai roba a wuyansu, ita ce ke hana ruwa. A ɗaure har robar ta zauna, ba har ta fashe ta fito gefe ba. Kafinta mai ƙarfin hannu yakan yi ɓarna a nan fiye da rago.

Ƙarfe yana motsi, wannan ma mutane ba su cika sani ba. Fallen alminiyom mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa ya dawo da kusan milimita 9, na ƙarfe kuma kusan 5. Shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji da yamma. Idan an ɗaure dogon falle ba a bar masa wurin numfashi ba, a hankali zai faɗaɗa ramin sukurunsa, yoyo ya dawo. Haka kuma ba a haɗa ƙarafan da ba sa jituwa. Jan ƙarfe, wato tagulla, idan ya taɓa alminiyom ko kwano mai ruwan zinki ga damshi, cinye su yake yi, kuma wasu magungunan da ake jiƙa katako da su akwai tagulla a ciki. A tambayi mai sayar da kwanon irin sukurun da ya dace da shi.

Amma in za ki tambaye ni inda rufi ke yoyo, ba a tsakiyar falle ba ne sai nadiran. A mahaɗa ne: kwari, doro, inda kwano ya haɗu da bango ko rawanin gini, da kewayen duk abin da ya huda rufin. A nan ake gane gwani. Inda kwano ya jingina da bango, ana tsaga bangon a cusa bakin wani kwano a ciki ya lulluɓe mahaɗar. Mai son sauƙi sai ya shafa siminti ko gam ya tafi. Siminti ba ya motsi, kwano yana yi, shekara ɗaya ta isa su rabu. Ki kuma tambaya yadda aka ɗaure katakon rufin da ginin kansa, domin iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyi. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa ake ƙara yawan sukurori a baki-baki. Rufin da iska ta ɗauke ɗungurungum da katakonsa, ba kwanon ne ya gaza ba, ɗaurin ne.

Wani abu a gefe: tunda an buɗe, idan da hali a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, a kuma bar kafofin da iska za ta riƙa ratsa cikin silin. Yana rage zafi da ƙarar ruwa, yana hana raɓa taruwa a cikin kwano ta ɗigo a ɗauka yoyo ne. Yin sa daga baya wahala ce biyu.

Kuɗi da takarda

A rubuta kome, ko da mai aikin ɗan'uwa ne, shi ma ya fi buƙatar a rubuta. Nau'in kaya da kaurinsu, tsarin ɓangare-ɓangare, wanda zai biya idan ruwa ya shiga ta sakaci, wanda zai kwashe shara, da kuma na wa ne tsohon kwano, don wannan ƙaramar magana na sha ganin ta ɓata zumunci a ranar ƙarshe. Biya kuma kashi-kashi: kafin alƙalami, sai idan kaya sun iso, sai idan an rufe. A aikin gini an saba riƙe wajen kashi 5 cikin 100 har wani lokaci bayan gamawa, a rufi kuwa ni nakan ce lokacin shi ne bayan an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku. Garanti iri biyu ne, na kamfanin da ya yi kwanon da na hannun wanda ya buga, kuma na farkon ba ya biyan kuskuren na biyun. Idan gidan yana da inshora a sanar da su kafin a fara, a kuma bincika ko hukumar gine-gine ta wurinku tana buƙatar izini.

Ranar da suka ce sun gama, kada a sallame su sai an kwashe abin da ya zuba a magudanar rufi, an kuma ja mayen ƙarfe a duk tsakar gida da bakin ƙofa. Za ki yi mamakin yawan ƙusar da zai tsinto, kuma ku ci gaba da dubawa, don ba ya kama na alminiyom. Idan ba lokacin ruwa ba ne, a hau da tiyo a zuba a kan mahaɗu, ana farawa daga ƙasa ana yin sama, wani yana cikin silin da tocila yana kallo. Ban ga gidanku ba, don haka abin da wanda ya shiga silin ɗin ya gani ya fi duk abin da na faɗa a nan nauyi. Cikin gida kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a wanke labule da zannuwan gado, a bar tagogi a buɗe kwana ɗaya. Ƙura takan ci gaba da sauka har kwana biyu bayan an daina bugu, saboda haka a ƙara gogewa a rana ta uku, sannan a je a ɗauko yarinya.